Sanarwar Bayan Taron Dattawa da Shugabannin Ikilisiyoyin Yankin Fagam kan Hassada, Ɗacin Rai da Son Abin Duniya

Dattawan ikilisiya da fastoci da masu bishara, tare da wakilan zumuntar mata da ta matasa daga majami'un da ke Fagam da ƙauyukan kewayenta a Ƙaramar Hukumar Gwaram, da 'yan'uwa da suka zo daga ɓangaren Birnin Kudu, sun yi zaman kwana biyu na addu'a da nazarin Littafi Mai Tsarki da shawara a garin Fagam, Jihar Jigawa. An sa taron da gangan a tsakanin gama tattara amfanin gona da shigowar hidimomin Kirsimeti, domin a wannan taƙin ne kuɗi ke shigowa hannu, bukukuwa ke yawaita, kuma a cikinsa ne dattawa suka fi karɓar ƙararraki tsakanin 'yan'uwa.

Abin da ya tara mahalarta tambaya ce guda: me ya sa rigimar da aka sasanta bara take dawowa bana, wadda aka binne a zamanin iyaye kuma take tsirowa a hannun 'ya'ya, alhali ana wa'azin ƙauna kowace Lahadi, kuma tun 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki yake hannun masu bi da harshen Hausa? Bayan sauraren jawabai, da tattaunawa rukuni-rukuni, da zaman bai-ɗaya da ya kai dare, taro ya amince a fitar da wannan sanarwa ga ikilisiyoyi da hukumomi da sauran jama'a.

ABUBUWAN DA TARO YA YI LA'AKARI DA SU

1. Taro ya saurari dattawan da suka daɗe suna zaman sulhu, waɗanda suka shaida cewa gidajen da ake kira gaban majalisar dattawa kusan su ne dai kullum, gonakin da ake jayayya a kansu su ne dai, abin da ke sauyawa kawai shi ne shekarun masu jayayyar. Taro ya fahimci cewa yawancin abin da ake kira sulhu musafaha ce a gaban jama'a don a tashi daga zama, kowa ya koma gida da abin da ke ransa. Wannan ya yi kama da halin da Littafin Mahukunta ya nuna, inda jama'a ke kauce wa hanya, su sha wuya, su yi kuka, a cece su, sa'an nan tsara mai zuwa ta koma gidan jiya.

2. Taro ya lura cewa kwaɗayi da hassada da ɗacin rai, ko da yake akan yi wa'azi a kansu ɗaiɗai, igiya ɗaya ce mai tufka uku. Mutum yakan fara da sha'awar abin da ba shi da shi. Idan ya gan shi a hannun maƙwabci sai sha'awar ta koma ƙyashi. Idan ƙyashin ya daɗe bai sami mafita ba sai ya zama ƙullaci da gaba. Mai ƙullaci kuwa ba ya hutawa sai ya nuna wa wancan cewa shi ma ya isa, ko da zai ci bashi ko ya jinginar da gona, daga nan kuma sai wani ya gani, shi ma ya ɗauka daga farko. Wasiƙar Yakubu, a sura ta 3 da ta 4, ta danganta hargitsi da faɗace-faɗacen masu bi da wannan tushe, haka kuma Wasiƙar Yohanna ta Fari, sura ta 2, da Timoti ta Fari, sura ta 6.

3. Taro ya tsaya tsawon lokaci a kan cewa hassada ba ta tafiya nesa. Babu manomin da ke kwana da baƙin ciki saboda attajirin Legas da bai taɓa gani ba. Wanda ke hana shi barci shi ne ɗan'uwan da suka yi iyakar gona, wanda riɗinsa ya yi kyau, ko wanda ɗansa ya sami gurbi a Jami'ar Tarayya ta Dutse. Littafin Farawa ya nuna haka tun daga Kayinu da Habila, ya kuma nuna yadda cutar ke bin gida ɗaya tsara bayan tsara: Ishaku ya fifita Isuwa, Rifkatu ta fifita Yakubu, Yakubun da ya sha ɗacin wannan bambanci shi ne kuma ya fifita Rahila a kan Lai'atu, ya fifita Yusufu a kan 'yan'uwansa, har suka sayar da shi. Hausawa sun san wannan ciwo, sun ba shi suna 'yan ubanci, kamar yadda suka san kishin sauri tsakanin faccaloli a gida ɗaya. Abin da taro ya ɗauka daga tarihin shi ne inda igiyar ta tsinke: ta tsinke ne a hannun Yusufu, wanda aka zalunta, a ranar da iko ya dawo hannunsa, yunwa ta kawo masa waɗanda suka cuce shi, ya ciyar da su, bayan rasuwar mahaifinsu ma, sa'ad da suka tsorata cewa lokacin ramuwa ya yi, ya sake kwantar musu da hankali.

4. Taro ya gano cewa a wannan yanki abin yana da lokutansa, yana bin shekara kamar yadda noma ke bin ta. Da kaka, idan aka fara kai gero da dawa da gyaɗa da riɗi kasuwar Sara da sauran kasuwanni, ido kan koma kan rumbun wani da yawan buhunansa. Daga Disamba zuwa Ista sai gasar sutura da anko da kayan ɗaki da lefe, inda iyayen amarya kan sayar da abincin shekara don kada a ce 'yar wance ta fi tasu. Gab da damina 'yan ci-rani kan dawo daga Kano da Abuja da kudancin ƙasa, wani da babur, wani da babbar waya, wani kuwa hannu rabbana, kuma dukkansu a layi ɗaya za su zauna a majami'a. Da saukar ruwan fari sai rikicin iyakar gona da na gado ya tashi, domin a lokacin ne garma ke cin taku ɗaya ko biyu na gonar maƙwabci. A watan Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, wanda ya yi almubazzaranci a Disamba shi ke zuwa neman rance wurin wanda ya yi wa gasa, a ba shi mudu a kan zai biya biyu da kaka, ko a hana shi. Ko wanne aka yi, an shuka ƙullacin baɗi. Mahalarta sun yarda cewa cutar da aka san watan zuwanta, sakaci ne a jira ta kama mutum kafin a nemi magani.

5. Taro ya amsa, ba tare da neman uzuri ba, cewa ikilisiya da kanta ta sha zama gonar da wannan ciyawa ke yaɗuwa. Kiran sunan mai bayarwa da adadin kuɗinsa a ranar godiyar kaka, da gwanjon da ake mayar da shi fagen nuna isa, da ware kujerun gaba ga masu hannu da shuni, da tilasta anko ga matan da ba su da halin sa, da gasar ƙungiyoyin mawaƙa da ke ƙarewa da gaba, duk abubuwa ne da aka ƙirƙiro da kyakkyawar niyya, amma sukan sallami talaka gida da ƙunar zuciya, su sallami mai hali da girman kai. Haka nan zaɓen dattawa da na shugabannin zumunta ya fara ɗaukar salon siyasar jam'iyya, da bi gida-gida da dare da ɓata suna. An tuna wa taro cewa wannan ba sabon abu ba ne: wajen shekara ta 96, ikilisiyar Roma ta aika wa ta Koranti wasiƙar da aka sani da sunan Kilemas, saboda an tumɓuke dattawa ba da laifi ba, kuma kishi ne wasiƙar ta ɗora wa alhakin. Kifriyanus, bishop na Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yau, wanda aka kashe saboda bangaskiyarsa a 258, sai da ya rubuta littafi sukutum a kan kishi da hassada. Cutar ta girmi kowace ɗarika da ke yankin nan.

6. Taro ya nuna matuƙar damuwa kan yadda hassada ke rikiɗewa ta zama zargin maita da sammu da asiri. Idan yaro ya yi ciwo, ko ciki ya zube, ko sana'a ta karye, maimakon a nufi asibiti ko a binciki dalili, sai a fara lissafa waɗanda ake zaton suna baƙin ciki, kuma sau da yawa zargin kan faɗa kan tsohuwa ko gwauruwa da ba ta da mai tsaya mata. Wanda ya sami buɗi ma bai tsira ba, domin nan da nan za a ce kuɗin jini ne. Taro ya yi tir da masu yawo da sunan annabci suna nuna wa mutane maƙiyansu a cikin danginsu, da irin addu'ar da ke roƙon mutuwar wani da sunan yaƙin ruhaniya.

7. An ja hankalin taro ga karin maganar nan da ke cewa hassada ga mai rabo taki ce. Mahalarta ba su musa gaskiyarta ba, sai dai sun lura da yadda ake amfani da ita: a bayan mota da keke-napep, a kan hoton waya, a bakin rijiya, kusan kullum habaici ce. Kowa ya ɗauki kansa mai rabo, ba a taɓa jin wanda ya ce shi ne mahassadin ba. Fastocin da ke wurin sun shaida cewa sun ji tuban sata da na maye da na zina, amma da wuya su tuna ranar da wani ya zo ya ce nasarar ɗan'uwansa ce ke ƙona masa rai.

8. Taro ya yi kashedi kada a mayar da wannan koyarwa sandar rufe bakin wanda aka zalunta. Ba kowane kuka ne hassada ba. Nabot da ya ƙi rabuwa da gonar gadonsa ba shi ne mai kwaɗayi ba, Sarki Ahab ne. Gwauruwar da aka ƙwace wa gona, da ƙanen da wansa ya cinye masa gado, da ɗan ƙwadagon da aka riƙe wa lada, haƙƙinsu suke nema, kuma duk wanda ya ce musu su yi haƙuri kawai bai ce wa azzalumin ya mayar ba, ya taya zalunci. Taro ya kuma san cewa matsin rayuwa gaskiya ne: ambaliyar 2022 ta cinye gonaki a ƙananan hukumomi da dama na Jigawa, ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya durƙusar da ƙananan 'yan kasuwa, cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 kuma ya ɗaga farashin taki da sufuri da abinci. Neman na kai da son ci gaba ba zunubi ba ne. Inda aka tsallake iyaka shi ne sa'ad da mutum ya daina auna buƙatarsa da abin da iyalinsa ke nema, ya koma auna ta da abin da maƙwabcinsa ya mallaka.

9. Manoman da ke cikin taro sun kawo misalin wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, kuma taro ya ga ya dace a rubuta shi. Wannan ciyawa takan kama saiwar dawa ko gero a ƙarƙashin ƙasa, ta sha ruwanta makonni kafin ta fito a gan ta. Idan ta fito furenta gwanin kyau. Tsiro ɗaya yakan zubar da iri dubbai, irin kuma yakan kwanta a ƙasa shekaru da yawa yana jiran a sake shuka hatsi. Ta fi ƙarfi a gonar da ta gaji, wadda ba ta samun taki. Manomi ba ya kawar da ita a damina ɗaya: sai ya tuge ta kafin ta yi iri, ya kai ta wajen gona, ya zuba taki, ya sauya shuka da gyaɗa ko waken soya, ya kuma roƙi maƙwabcinsa shi ma ya yi haka, in ba haka ba iska da ruwa da kofaton dabba su dawo masa da ita. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura ta 12, da saiwa ta kwatanta ɗacin rai, ta kuma ɗora wa jama'a duka nauyin lura da shi.

ƘUDURORI

Bisa waɗannan dalilai, da kuma bangaskiyar cewa sabuwar zuciya aikin alherin Allah ne ta wurin Yesu Almasihu da ikon Ruhu Mai Tsarki, ba ƙoƙarin ɗan Adam kaɗai ba, amma alherin ba ya hana ikilisiya gyara tsarinta, taro ya zartar da ƙudurori kamar haka:

1. Kowace majami'a za ta keɓe makon da ke gaban godiyar kaka, da makon da ke gaban Ista, domin azumi da binciken kai da koyarwa a kan hassada da riƙo da wadar zuci. A waɗannan makonni masu wa'azi za su yi magana a kan zuciyar mai sauraro, su bar batun maƙiyansa, kuma ba za a yi amfani da bagade don habaici ko rama gayya ba.

2. Daga godiyar kaka mai zuwa, za a daina kiran sunan mai bayarwa tare da adadin abin da ya bayar, bisa koyarwar Matiyu sura ta 6 a kan bayarwa a ɓoye. Za a riƙa sanar da jimillar abin da aka tara ne kawai, a rubuta shi a littafin ma'aji, a karanta yadda aka kashe shi a gaban ikilisiya sau biyu a shekara. Amfanin gonar da aka kawo za a sayar da shi a farashin kasuwa, ba ta hanyar gasar ɗaga murya ba.

3. Kowace ikilisiya za ta ware kaso daga hatsin godiya ta ajiye a rumbun taimako, wanda za a buɗe a watan Yuli da Agusta domin gwauraye da marayu da gidajen da abinci ya yanke musu, rance ba ruwa ko kyauta, gwargwadon hali. Taro ya tuna cewa gunaguni na farko a ikilisiyar Urushalima a kan rabon abincin gwauraye ya taso, manzanni kuma ba su tsawata wa masu gunagunin ba, sai suka sa aka zaɓi mutum bakwai amintattu su riƙe aikin. Don haka rumbun zai kasance a hannun kwamiti mai maza da mata, ba a hannun fasto ko iyalinsa ba, kuma maƙwabci mabukaci ba za a tambaye shi addininsa ba. Taro ya haramta wa membobi ba da hatsi da damina a kan za a biya ninki da kaka.

4. Sulhu zai bi matakan da ke Matiyu sura ta 18: ganawa tsakanin mutum biyu tukuna, sa'an nan da shaida ɗaya ko biyu, kafin a kai gaban ikilisiya. Ba za a ɗauki sulhu ya kammala ba sai an ambaci laifin da sunansa, an mayar da abin da aka ci idan akwai, kamar yadda Zakka mai karɓar haraji ya yi a Luka sura ta 19, kuma dattawa biyu sun koma gidajen bayan wata uku, da kuma bayan shekara, su ga ko ana gaisawa, ko yara na shiga gidajen juna, ko ana kai wa juna kwanon abinci. Wanda aka yi wa laifi ba za a matsa masa ya furta gafarar da bai kai gare ta ba tukuna. Za a bi shi da addu'a da ziyara, a kuma tuna masa cewa gafara ba ta soke haƙƙi, haƙƙi kuma ba ya halatta gaba.

5. Membobin da ke gaba da juna za su nemi shiri kafin su kusanci Jibin Ubangiji. Wannan ƙuduri zai fara aiki ne a kan fastoci da dattawa da matansu kafin kowa.

6. Ana kira ga magidanta su fayyace iyakokin gonakinsu da rabon abin da suka mallaka tun suna da rai, a rubuce, a gaban shaidu da mai unguwa ko dagaci, su kuma sanar da 'ya'yansu maza da mata baki ɗaya. A gidajen da 'ya'ya ba uwa ɗaya ba, uba ya yi adalci a kuɗin makaranta da aure da gona. Iyaye su daina gadar wa yara gabar da ba su san mafarinta ba. Hana yaro gaida kawunsa ko cin abincin gidan gwaggonsa laifi ne da dattawa za su riƙa tsawatarwa a kai.

7. An ɗora wa zumuntar mata, tare da dattawa, su tsara ma'auni mai sauƙi na hidimar aure da suna da jana'iza wanda talaka zai iya ɗauka ba tare da jin kunya ba, su gabatar da shi a zama na gaba. Kafin nan, anko ba dole ba ne a kowace hidima ta ikilisiya, ba za a hana kowa shiga sahu ko waƙa saboda rashinsa ba, kuma ba za a jinkirta ɗaurin aure saboda kayan ɗaki ba su cika ba.

8. Zaɓen shugabanni zai kasance bayan addu'a da karanta sharuɗɗan da ke cikin wasiƙun Bulus zuwa ga Timoti da Titus, ta ƙuri'ar asiri, ba kamfe, ba rabon kuɗi ko kaya. Wanda wa'adinsa ya cika ya sauka da mutunci, ya miƙa littattafai da kuɗi cikin wata ɗaya. Ikilisiyoyin ɗariku dabam-dabam kuma za su daina zawarcin membobin juna da kushe juna a kan bagade. Wanda aka sa a ƙarƙashin horo a wata majami'a ba za a karɓe shi a wata ba sai an tuntuɓi inda ya fito.

9. Taro ya haramta wa kowane memba zargin wani da maita ko sammu, a fili ko a raɗe-raɗe, ya kuma tunatar cewa dokar ƙasa ma ta hana hakan. Ba za a ba kowane baƙon mai wa'azi bagade ba sai da takardar shaida daga ikilisiyarsa. Marar lafiya a yi masa addu'a, a kuma kai shi asibiti, ko na kusa ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ba tare da ɓata lokaci ba. Wanda aka riga aka yi wa irin wannan ƙazafi, dattawa za su wanke shi a gaban jama'ar da aka ɓata shi.

10. Game da matasa, taro ya ƙi ya tsaya a kan faɗa kawai. Ya gargaɗe su kan cacar ƙwallo ta waya da tsare-tsaren ninka kuɗi dare ɗaya, yana tuna musu yadda MMM ta rufe asusun masu zuba kuɗi a Disamban 2016, da kuma cewa abin da ake gani a Facebook da TikTok zaɓaɓɓen hoto ne, ba a ɗora hoton bashi. Amma ya kuma umarci masu sana'a a cikin ikilisiya, teloli da kafintoci da makanikai da masu walda da manoman rani, kowa ya ɗauki aƙalla yaro ɗaya da ba ɗansa ba ya koya masa, zumuntar matasa kuma ta farfaɗo da aikin gayya a gonakin tsofaffi da gwauraye.

11. Idan wani memba ya sami ƙaruwa, ko haihuwa ko aiki ko cin jarrabawa ko amfanin gona, ikilisiya za ta yi godiya tare da shi a taƙaice, a kuma yi addu'a a zama ɗaya domin waɗanda ke jira har yanzu: marasa haihuwa, da masu neman aiki, da waɗanda gonarsu ba ta yi ba. Ba da shaida a majami'a ba filin jera dukiya ba ne, kuma mai shaida ya bar ambaton maƙiya.

12. A zaman tare da maƙwabta, taro ya jaddada cewa Kiristocin wannan yanki da 'yan'uwansu Musulmi kasuwa ɗaya suke ci, rijiya ɗaya suke sha, da yawa ma kaka ɗaya ya haife su, kuma addinan biyu duka sun la'anci hassada. Inda membobi ke da koke na gaskiya, ko kan fili ko makaranta ko aiki, za a kai shi ga hukuma a rubuce, da ladabi, bisa 'yancin da sashe na 38 da na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 suka tanada, ba za a bar shi ya ruɓe a zuci ya zama ƙiyayyar da za a shayar da yara ba. Saɓani da makiyaya a kan ɓarnar gona a kai shi ga masu unguwanni da arɗo-arɗo da jami'an tsaro. Taro bai yarda kowa ya ɗauki doka a hannunsa ba.

KIRA GA HUKUMOMI

Taro yana roƙon Gwamnatin Jihar Jigawa da Majalisar Ƙaramar Hukumar Gwaram da ta Birnin Kudu su riƙa bayyana ƙa'idojin rabon taki da iri da kayan tallafi da guraben aiki tun kafin a fara rabo, a liƙa sunayen waɗanda suka amfana a inda kowa zai gani, domin rabon da aka yi a duhu, ko da an yi adalci a cikinsa, zargi yake haifarwa tsakanin maƙwabta.

Yana kuma roƙon Masarautar Dutse, ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni, ta ci gaba da ƙarfafa rubuta cinikin gona da jingina da aro a gaban shaidu, ta kuma sa ido a kan burtali da mashaya kafin kowace damina. Ga jami'an tsaro da kotuna, roƙon shi ne su ɗauki ƙarar zargin maita da muhimmanci tun tana magana, kafin ta kai ga duka ko kora daga gari.

AIWATARWA DA GODIYA

Taro ya kafa kwamitin mutum bakwai, wanda ya ƙunshi fastoci biyu da dattawa biyu da mata biyu da wakilin matasa ɗaya, domin bin diddigin waɗannan ƙudurori. Za a karanta sanarwar a kowace majami'a Lahadi biyu a jere, a fassara ta da baki ga waɗanda Warjanci ko wani harshe ya fi musu sauƙi, kowace majalisar dattawa kuma ta aiko wa kwamitin rahoton abin da ta aiwatar da abin da ya gagara, ba tare da ambaton sunayen waɗanda aka sasanta ba. Inda wani ƙuduri ya ci karo da tsarin ɗarikar wata ikilisiya, shugabanninta za su kai shi ga majalisarsu ta sama kafin aiwatarwa.

Mahalarta sun gode wa ikilisiyar da ta karɓi baƙuncin taron, da matan da suka ɗauki nauyin girki, da gidajen da suka sauki baƙi, da shugabannin gargajiya na Fagam da maƙwabta Musulmi saboda zaman lafiyar da aka yi taron a cikinsa. An amince a sake zama bayan Ista, kafin faɗuwar damina, domin karɓar rahoton kwamiti da ma'aunin hidimar aure da zumuntar mata za ta gabatar.

Sa hannu a madadin mahalarta:

Shugaban Taro

Sakataren Taro

Wakiliyar Zumuntar Mata